Layin da Na Tsallake a Takardar Maganin Ƙanena

Ƙanena an haife shi da jinin da ba ya tsayawa. Ba mu gane ba sai ranar da aka yi masa kaciya, shi da sa'o'insa na unguwarmu a Tawa, yana da shekara bakwai. Na sauran ya tsaya kafin azahar. Nasa kuwa ya yi ta ɗiga har washegari. Wanzami ya barbaɗa duk garin da ke cikin zabirarsa, Inna ta canza masa zane ya fi sau biyar, sai da leɓɓansa suka yi fari fat sannan Baba ya saɓa shi a kafaɗa zuwa likita, wato asibiti a bakin mutanen wajenmu. Jinin Baba aka ɗiba aka ƙara masa, ya rayu.

A ranar ne Inna ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa mana ba. Tana da wa a Kalfu da ya rasu kwana biyu bayan kaciyarsa, da wani ƙane da ya faɗo daga kan jaki, kansa ya kumbura, bai tashi ba. Lokotoro, wato dokta, ya saurare ta, ya ce ciwon ta wajen uwa yake bi, mata su ɗauko shi ba su sani ba, ya kwantar da 'ya'yansu maza. Bai faɗa don ya ɗora mata laifi ba, amma ita ta ɗora wa kanta, kuma ban ga ta sauke ba har ta bar duniya.

Shekara shida na ba shi. Ni na yi lakkwal, wato makarantar boko, har na zama malamar firamare, shi kuwa a aji uku ya tsaya. Ƙasarmu ta Adar duwatsu ce, yaro ba ya zuwa makaranta ya dawo bai yi tuntuɓe ba, shi kuma tuntuɓe ɗaya sai gwiwa ta cika da jini daga ciki, ta kumbura, ya yi sati biyu a kwance. Bai yi noma ba. Da sa'o'insa suka fara tafiya Abijan neman kuɗi kamar yadda samarin Tawa suka saba, shi rakiya kawai yake yi musu zuwa tasha. Wani maƙwabcinmu ya koya masa gyaran rediyo, Baba ya bar masa zaure, ya kafa tebur da benci.

A shekarun nan da aka buɗe siyasa, jam'iyyu suka yi yawa, kowa yana son rediyonsa ya yi magana. Zauren ya zama majalisa. Masu tutoci iri-iri su zauna suna musu, shi yana tsakiya da ƙarfen narka dalma a hannu, yana tsokanar wannan yana zuga wancan. Mutum ne mai ban dariya, ko yana cikin ciwo. Ni kuwa a lokacin makaranta ta fi zama a rufe fiye da a buɗe, yau yajin malamai, gobe na ɗalibai. Don haka ni nake kai shi likita duk lokacin da ta tashi, ni nake magana da lokotoro da Faransanci, ni nake dawowa in fassara wa su Baba.

Akwai abu ɗaya da ya kamata in faɗa tun yanzu. Wata shekara haƙorinsa ya ruɓe, ya karye, dasashi ya yi ta zubar da jini kwana uku. Aka kai shi aka ɗaura masa ruwan jini, wannan mai launin rawaya da ake tacewa daga jinin mutum. Leda ba ta kai rabi ba jikinsa ya fashe da borin jini, ya yi rudu-rudu, idanunsa suka kumbura, yana susa kamar zai yage fatarsa. Aka cire, aka yi masa allura, kafin la'asar ya lafa. Ba mu ɗauke shi komai ba. Ina wurin, na gani da idona. Tsohon lokotoron da ke duba shi ya rubuta abin a ɗan littafinsa na likita, littafin kuma gara ta cinye shi a cikin akwatin Inna tare da wasu takardu. Wannan lokotoron ne ya taɓa ce mini a ƙasashen Turai akwai maganin ciwon, kuma ya rubuta wa wasu masu taimako ko za su aiko. Daga baya aka canza masa wurin aiki, muka manta da zancen.

Bayan kamar shekara biyu, cikin bazara, gwiwarsa ta hagu ta kumbura irin kumburin da ba ta taɓa yi ba. Ta yi kamar ƙwaryar fura, fatar tana ƙyalli, ko zane ya taɓa ta sai ya cije leɓe. Sati uku bai taka ƙasa ba. Inna tana jiƙa tsumma da ruwan randa tana ɗora masa, ni ina sayo ƙanƙara wurin mai sayar da lamurje. Ya daina dariya, ya daina cin abinci sai kunu. Zauren ya koma shiru, mutane su leƙo su yi sannu su wuce.

A cikin wannan hali aka aiko daga likita wai ana nemana. Na tarar da sabon lokotoro, saurayi ne siriri, da ganinsa ka san aiki ya yi masa yawa. Ya buɗe firijin ofishinsa ya nuna mini ƙananan kwalaye shida. Ya ce saƙon da wanda ya gada ya roƙa ne ya iso, da sunan ƙanena a jiki. Ya buɗe ɗaya. Kwalba biyu ne a ciki, ɗaya da farin gari kaɗan a gindinta, ɗaya da ruwa. Ya ce wannan garin shi ne abin da babu a jinin ƙanena, abin da ke sa jini ya daskare. Ana haɗa shi da ruwan a zuba a jijiya.

Na tsaya ina kallon garin. Bai kai cikin cokalin shayi ba.

Ya zaro takardar da ke cikin kwalin, mai laushi, an ninke ta kamar laya, ya miƙa mini. Ya ce in je in karanta wa mutanen gida duk abin da ke ciki, don daga jinin mutane aka yi maganin, ba ya so a ce daga baya an ɓoye musu. Ya ce in sun yarda, in kawo shi ranar Litinin da safe.

Ban wuce gida kai tsaye ba. Na biya makarantarmu, babu kowa, na ɗauko ƙamus a ofishin darakta na zauna ƙarƙashin bishiyar bedi. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, harsuna uku, na nemo na Faransanci. An jera abubuwan da ke cikin garin. Na farko shi ne sinadarin daskarar da jinin, wanda aka tato daga jinin mutane masu yawa. Sai wani sinadarin, shi ma daga jinin mutum, wanda ake sawa don ya riƙe na farkon kada ya lalace. Sai gishiri iri biyu, da wani abu dangin sukari. Duk wannan na fahimta. Sai na zo kan layi na ƙarshe. Na karanta shi sau uku, na duba ƙamus duk da na san kalmar tun ina aji biyu. An ce akwai ɗan ɓurɓushin sinadarin jikin ɓera a ciki, don wajen tace maganin ana amfani da wani abu da aka samo daga ɓera, kuma ba ya fita duka.

A ƙarƙashinsa aka yi gargaɗi da baƙin rubutu. Duk wanda aka san jikinsa ba ya ɗaukar sinadarin ɓera, kada a ba shi. Duk wanda ya taɓa yin bori bayan an ƙara masa jini ko makamancinsa, a gaya wa lokotoro. Aka lissafa alamomin: ƙaiƙayi, rudu-rudu a fata, ƙirji ya ɗaure, numfashi ya riƙa fito, jiri, suma.

Na daɗe a zaune. Ta yaya mutum zai san jikinsa ba ya ɗaukar ɓera? Mun tashi da su a rumbu da ɗakin girki, ba wanda ya taɓa tambaya. Amma maganar borin jinin na san ta. Kuma na san Inna. In ɓera ya taɓa tuwo, ba ta yanke wurin ta zubar, duka take kifarwa ta wanke akushin sau uku. Na san Baba ma, maganar jinin mutane kaɗai za ta ishe shi. Ina tunanin nan ina jin nishin ƙanena a kunnena, irin wanda yake yi in ya ɗauka ba mai ji.

Bayan la'asar na tara su a tsakar gida. Aka fito da ƙanena kan tabarma, aka tokare masa ƙafar da matashi. Na karanta ina fassarawa.

Baba ya ce, "Jinin wa?"

Na ce, "Ba su hwaɗi ba, Baba. Mutane da yawa na, can ƙasassu."

"To wagga cuta da aka ta magana a rediyo fa, wadda ka bin jini?"

Na ce takardar ta ce an wanke maganin an tsarkake shi daga irin waɗannan cututtuka gwargwadon iko. Ya ce zai tambayi malam. Na ci gaba, na faɗi gishiri, na faɗi sukari. Ƙanena ya ce in dai da gishiri da sukari, saura yaji kawai a zuba masa. Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Inna ta ce, "Shi ke nan abin da ac ciki?"

Yatsana yana kan layin. Na ce, "Shi ke nan, Inna."

Na ninke takardar na sa a cikin littafina. Washegari Baba ya dawo daga wurin malam ya ce an ce lalura ce, babu laifi. Inna ta yi sadakar waina.

Ranar Litinin muka ɗora shi a amalanken maƙwabci muka kai shi. Baba yana waje a kan benci, Inna ta zauna gida don ta ce ba za ta iya gani ba. Aka kwantar da shi a gado kusa da taga. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya zuba ruwan cikin garin, yana juya kwalbar a hankali tsakanin tafukansa har ya narke. Lokotoro ya tsaya da takarda a hannu yana yi mini tambayoyi da Faransanci. Shekarunsa nawa, yaushe gwiwar ta fara, sau nawa aka taɓa ƙara masa jini. Sannan ya ce, ya taɓa yin bori ko kumburi ko wahalar numfashi bayan ƙarin jini ko wani magani?

Na ce a'a.

Ba wai kalmar ta suɓuce mini ba ce. Na kwana biyu ina shirya ta. Tsorona shi ne in na ce e, ya mayar da kwalayen firiji ya ce a jira, ko a kai shi Yamai, mu kuwa ba mu da halin wannan. Na gaya wa kaina wancan borin ƙaramin abu ne, allura ɗaya ta kashe shi.

Majo ya sami jijiya a bayan hannu ya fara turawa kaɗan-kaɗan. Ƙanena ya kalli sirinjin ya ce, "Ashe jinin Turawa ma hwari na." Majo ya yi murmushi. An tura kamar rabi sai na ga ƙanena yana goga tafin ɗaya hannun a jikin gado. Sai ya kai hannu wuya. Ya yi tari sau biyu. Ya ce, "Yaya, zahi nika ji." Na duba, wuyansa da ƙirjinsa sun yi rudu-rudu, leɓensa na sama ya fara tashi. Kafin in buɗe baki numfashinsa ya canza, ya koma wani siririn fito kamar iska na bin ƙofar langa-langa. Ya yunƙura zai tashi zaune, idanunsa a waje, yana kallona.

Lokotoro ya ture ni gefe. Ya ce a tsayar, majo ya riga ya tsayar. Lokotoron ya fasa wata ƙaramar kwalba ya soka masa allura a cinya ta cikin wando. Aka ɗaga ƙafafunsa, har da mai ciwon, bai ma ji ba. Aka ɗaura ruwa. Na jingina da bango ina kallon yatsun ƙafarsa, sun yi toka-toka. Ban yi addu'a ba, ban yi kuka ba, na tsaya kawai. Aka sake yi masa allura ta biyu. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Can sai fiton ya fara sassautawa, ya ja numfashi guda mai tsawo, ya yi amai, ya fara rawar sanyi a cikin wannan zafin na bazara.

Da abin ya lafa, lokotoro ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya sake yi mini tambayar da ya yi ɗazu, da kalmomin nan dai. Na gaya masa gaskiya, haƙorin da ruwan jinin da borin. Bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce da na faɗa, ba hana shi zai yi ba. Da ya fara ba shi maganin bori tukuna, ya gwada ɗigo kaɗan ya jira, ya ajiye allurar ceto a zuƙe a kusa. Ya ce yau Allah ya sa akwai ta a aljihun teburin, ba kullum ake da ita ba.

Na ce, ɓeran ne?

Ya ce bai sani ba. Zai iya zama ɓeran. Zai iya zama ɗaya sinadarin da aka sa don riƙe maganin. Zai iya zama ma shi kansa abin daskarar da jinin, tunda jikin ƙanena bai taɓa yin nasa ba, in ya gan shi sai ya ɗauke shi baƙo ya yaƙe shi. Ya ce ana iya ganewa da gwaji, amma ba a nan ba, kuma ba ya jin ko a Yamai ana yi. Ya ce akwai wasu ire-iren maganin da ba a tace su ta wannan hanyar ba, sai dai mu abin da aka aiko mana shi ke gare mu.

Na fito na sami Baba a kan benci, ya riƙe hularsa a hannu. Na ce masa jikin ne bai karɓi maganin ba, amma an shawo kan abin. Bai tambaye ni komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganin ya yi aiki. Rabin kwalbar nan da ta shiga ta tsayar da jinin gwiwar. Wurin allurar cinya ya yi baƙi ya ɗan tashi, amma bai yi irin kumburin da muka saba gani ba. A kwana na biyu zugin ya sauka. A na huɗu ya nemi tuwo. Bayan sati ya dafa bango ya fita zaure. Tun da aka haife shi ba a taɓa ganin kumburi ya janye da sauri haka ba. Ga kwalaye biyar a firiji, ga abin da muka gani.

Lokotoro ya ce ana iya sake gwadawa da shiri, amma ba zai ɓoye mana ba, karo na biyu yakan fi na farko muni. Baba ya ce a bar shi. Inna da ta ji labarin yadda numfashinsa ya yi, ta ce ko sunan maganin kada a sake kira mata.

Wata ranar da hantsi na kai masa kunu zaure. Ba kowa, yana kwance bayan wani rediyo. Na zauna a benci. Na ce ina da magana. Bai ɗago ba. Na gaya masa layin da na tsallake, na gaya masa abin da lokotoro ya tambaya da amsar da na bayar.

Ya ce, "Na ji shi, Yaya."

Na ce, "Ka ji mi?"

"Tambayar da yay yi miki. Aji ukku niy yi, amma ba kurma ni ba. Na ji kin ce a'a. Ni ma da baki gare ni, ban ce komi ba."

Ya ɗaure wata waya, ya hura wurin.

"Ɓeran dai ban sani ba," ya ce. "Da kin hwaɗa min, da na ce a zubo har da wutsiya. Kar ki gaya ma Inna."

Na ce ba zan gaya mata ba. Ya sha kunun, ya ce ciwon gwiwa ya san shi, sun saba, ya san inda yake farawa da inda yake tsayawa. Amma wancan abin, ka buɗe baki iska ta ƙi shiga, ba ya fatan ko maƙiyinsa ya ɗanɗana.

Duk da haka, da damina ta faɗi gwiwar ta sake cika, a kwana na goma shi da kansa ya ce a kai shi. Baba ya ƙi, ya yi ta roƙo har Baba ya tashi ya bar gidan, wanda a wurinsa yarda ke nan. Wannan karon lokotoro ya shirya komai. Aka ba shi ƙwayoyi tun da safe, aka yi masa allura, aka jira. Aka tsarma maganin da ruwa mai yawa, aka saki ɗigo ɗaya-ɗaya, lokotoro yana zaune a bakin gadon da sirinji a hannu. Ba a yi minti goma ba leɓensa ya tashi, ya fara tarin nan. Aka rufe nan take. Bai kai na farko tsanani ba don an tare shi da wuri, amma abin da ya shiga jikinsa bai isa ya yi wa gwiwar komai ba. Lokotoro ya ce shi ke nan, ba zai sake ba.

A hanyar komawa gida, a cikin amalanke, ƙanena ya rufe fuskarsa da hula. Ban taɓa ganin ya yi kuka a gaban mutane ba sai ranar.

Kwalaye huɗun da suka rage kwanansu ya kusa ƙarewa. Lokotoro ya nemi izininmu, ya ce an kawo ɗan wani makiyayi daga wajen Tebaram mai irin ciwon. Ƙanena ya ce a ba shi. Daga baya muka ji jikin wancan ya karɓa lafiya lau, ko ƙaiƙayi bai yi ba. Ƙanena ya sa ni na koma na tambaya har sau biyu, ko da gaske ne ba abin da ya same shi. Na ce da gaske ne. Ya gyaɗa kai, ya ce madalla.

Gwiwar ta ɗauki wata biyu kafin ta sace, kuma ba ta sake miƙewa ba. Ƙafar ta ƙage a lanƙwashe, cinyar ta tsotse. Ya koma tafiya da sanda, sai gwiwar hannun da yake dogarawa da ita ma ta fara kumbura. Ya ci gaba da aikinsa a zaune. Majalisar zauren ta ragu, don mutane sun gaji da siyasar, wasu sun tafi Abijan, wasu Libiya. Barkwancinsa bai mutu duka ba, amma ya zama sai ya ga dama. Na rubuta wasiƙu uku zuwa adireshin da ke jikin kwalin saƙon, lokotoro ya sa hannu, ina tambaya ko akwai irin da babu ɓera a ciki. Ba a amsa ko ɗaya ba. Ban sani ba ko sun isa.

Shekara uku ya yi a haka. Wata Talata da rana zai fito daga ɗaki, sandar ta zame a kan dutsen bakin ƙofa, ya buga ƙeya da bango. Ba rauni, ko ƙulu bai fito ba. Ya tashi ya zauna yana cewa ba komai. Da la'asar ya ce kansa na ciwo. Washegari da safe ya yi amai, maganarsa ta fara harɗewa, muka kai shi. Wancan lokotoron ma an canza masa wuri. Na gaya wa wanda muka tarar komai tun kafin ya tambaya, haƙorin, borin, kwalaben, duka. Ya ce jini ne ke zuba a cikin kai, kuma abin da ke hannunsu jini ne kawai. Baba ya tsufa, nawa aka ɗiba. Aka ba shi maganin bori aka ɗaura. Bai yi bori ba, bai kuma farka ba. Ya cika ranar Alhamis kafin azahar, yana da shekara ashirin da huɗu.

Na riƙe alkawarin da na yi masa har bayan sadakar arba'in. Wata safiya muna tsakar gida ni da Inna, tana tsince wake a faifai, na ji ba zan iya ci gaba da riƙewa ba. Na gaya mata akwai abin da ban karanta musu ba a takardar nan, na gaya mata ko mene ne. Na gaya mata ƙaryar da na yi wa lokotoro.

Hannunta ya tsaya a cikin waken.

Ta ce, "Ɓera."

Na ce, "Ɓurɓushi na, Inna, ido ba ya ganinai."

"Shi ya sani?"

"Ya sani. Daga baya na gaya mishi."

"Mi yac ce?"

Na faɗa mata maganar wutsiya. Na ga bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya, sai hawaye suka zubo. Ta share da bakin zane.

Ta ce, "Da kin hwaɗa min, da na hana. Da ya yi ta kwanciya da ƙahwar nan ina kallo." Ta ɗago ta dube ni. "Da kin hwaɗa ma lokotoro dai."

Na ce, "I, Inna."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ta riƙe ni ba. Ta turo mini faifan, ta ce idonta ba ya ganin tsakuwa sosai yanzu, in ƙarasa tsincewa. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta sako labule.